Yadda Ake Gane Tabon Jini a Ɗakin Gwaji, da Rarrabe na Mutum da na Dabba

Riga ta iso ɗakin gwaji da busasshen tabo a bakin hannunta, mai rigar kuma ya ce akuya ya yanka. A inda kusan kowane gida ke yanka ranar suna da ranar layya, wannan magana ba ta watsarwa ba ce, ba kuma ta karɓa ido rufe ba ce. Aikin mai gwaji shi ne ya bi tambayoyi uku a jere: akwai alamar jini a tabon? In akwai, tabbas jini ne? In jini ne, na wace halitta ne? Kowane gwaji tambaya ɗaya yake amsawa, kuma babban kuskuren da ke rusa shaida a gaban alƙali shi ne a ɗauki amsar ta farko a ɗora wa ta uku.

Kafin a buɗe kwalbar sinadari

Ido ba ya yanke hukunci a nan. Jini ja ne lokacin da ya zuba, amma yana bushewa sai ya koma ruwan ƙasa, daga baya ya yi duhu kamar baƙi. Tofin goro, lalle, manja, zoɓo, tsatsa da jar ƙasa duk suna iya barin tabon da zai ruɗi ƙwararre, musamman a kan yadi mai duhu. Don haka a fara da hoto, da ma'auni a gefen tabon, a rubuta girmansa da inda yake a jikin kayan.

Kayan da ke da danshi a shanya su a inuwa, inda iska ke shiga, kowanne shi kaɗai, sannan a sa a ambulan ko jakar takarda. Leda ita ce babbar abokiyar gaba. Tana riƙe danshi, ƙwayoyin cuta da fumfuna su samu wurin zama, cikin 'yan kwanaki su cinye furotin da DNA (sinadarin gado da ke bambanta mutum da mutum, halitta da halitta) da ake nema, lamarin da ya fi muni da damina. Zafi ma haka: kayan da suka wuni a but ɗin mota cikin rana, furotin ɗinsu yana dafuwa ya ƙi narkewa a ruwa, gwajin gano nau'in halitta kuma da narkakken furotin yake aiki. A yanko wani ɓangare na yadin da babu tabo, kusa da tabon, a ajiye shi daban. Za a ga amfaninsa a kowane mataki.

Sai rabon tabon. Kason DNA shi ake fara warewa, a rufe, kafin a taɓa sauran. Idan tabon bai wuce ƙwayar gero ba, kada a ƙarar da shi wajen gwaje-gwajen launi. A shafi gefensa kaɗan, a bar tsakiyar. Safar hannu a canza ta tsakanin kaya da kaya, almakashi da hantsaki a goge su, kuma kowane tabo a ɗauke shi a matsayin mai ɗauke da cuta, don ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin mako guda a busasshen jini ba ta mutu ba.

Gwajin share fage

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai himogulobin, a cikinsa kuma akwai wani sashe mai ɗauke da ƙarfe da ake kira him. Idan him ya haɗu da haidurojin ferokzayid, ruwan nan da ake wanke ciwo da shi yana kumfa, sai ya farfasa shi, abin da ya fito ya sauya launin wani sinadari da aka tanada marar launi. Duk gwaje-gwajen share fage a kan wannan suka dogara, kuma rauninsu ma daga nan yake, domin ba him kaɗai ke iya wannan aiki ba.

Wanda aka fi amfani da shi shi ne gwajin Kastle-Meyer, wanda Joseph Kastle ya fito da shi a 1901, Erich Meyer ya gyara shi a 1903. Ana haɗa giram 2 na finolftalin, giram 20 na fotasiyam haidurokzayid da giram 20 na garin zinki a mililita 100 na tataccen ruwa. A dafa a kwalbar da ke mayar da tururi ciki, na awa 2 zuwa 3, har launin ruwan hoda ya ɓace gaba ɗaya. A tace, a zuba a kwalba mai duhu da 'yan gutsattsarin zinki a ƙasa, a ajiye a firji. Na aikin yau da kullum ana haɗa mililita 20 na wannan da mililita 80 na itanol. Ragowar garin zinkin kada a jefa shi kwandon takardu yana da danshi, yana iya kama wuta da kansa.

Ga yadda ake gwajin. A jiƙa tsinken auduga da ɗigo ɗaya na tataccen ruwa, a shafi gefen tabon a hankali. A ɗiga itanol ɗigo ɗaya a kan audugar, sannan ɗigo ɗaya na sinadarin, sai a dakata daƙiƙa 5 zuwa 10 ana kallo. Wannan dakatawar ita ce zuciyar gwajin, kuma ita ce masu gaggawa ke tsallakewa. Idan ruwan hoda ya bayyana tun kafin a sa ferokzayid, ba him ba ne ya jawo shi, wani sinadari ne mai sauya launi da ƙarfin kansa, kamar bilic ko gishirin tagulla, kuma gwajin bai faɗi komai game da jini ba. Idan audugar ba ta sauya ba, a ɗiga ferokzayid mai ƙarfin kashi 3 cikin 100. Ruwan hoda mai haske da ya fito nan take, cikin 'yan daƙiƙoƙi, shi ne alamar jini. Launin da ya lallaɓo bayan rabin minti ko fiye ba a lissafa shi, iska kaɗai tana iya kawo shi a kan audugar da ba ta taɓa komai ba.

Kowace safiya, kafin a taɓa kayan shari'a, a gwada sinadaran a kan sanannen jini, wato wanda aka riga aka tabbatar jini ne, da kuma audugar wofi. Sanannen jinin shi ne zakaran gwajin dafi: in bai ba da launi ba, ferokzayid ɗin ya mutu, abin da ke saurin faruwa ga kwalbar da ke shan zafi da haske. In audugar wofi ta ba da launi, sinadarin ya lalace ko ya gurɓata. A gwada yankin yadin nan marar tabo shi ma.

Gwajin yana iya kama jinin da aka tsinka sau 10,000, amma ɗanyun kayan lambu irin su dankalin turawa da kabeji suna da wani inzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, da ke kwaikwayon aikin him. Wuƙar kicin ko ta mai sayar da kayan miya tana iya ɗauke da shi. Bambancin shi ne inzayim ɗin tsiro yana mutuwa idan aka tafasa shi a digiri 100 na 'yan mintoci, him kuwa yana nan daram. A yi wannan a kan ɗan kason da aka cire kawai, don tafasawa tana lalata abin da gwaje-gwajen gaba ke buƙata.

Akwai 'yan uwan wannan gwaji. Lukomalakayit yana ba da kore mai ratsin shuɗi. Benzidin, wanda aka daɗe ana ji da shi, an bar shi saboda yana jawo ciwon daji; duk wanda ya tarar da tsohuwar kwalbarsa a ma'ajiya kada ya buɗe ta. Wanda ya maye gurbinsa shi ne TMB, sinadarin da ke kan 'yan sandunan Hemastix na gwajin fitsari. Suna da sauƙin ɗauka zuwa wurin da abu ya faru, sai dai sun fi Kastle-Meyer saurin ruɗuwa.

Luminol na jinin da ido ba ya gani ne, kamar daɓen da aka wanke ko cikin mota. Walter Specht ne ya shigo da shi binciken laifi a Jamus a 1937. Tsohon haɗin da aka sani shi ne giram 0.5 na luminol, giram 25 na sodiyam kabonet da giram 3.5 na sodiyam faboret a mililita 500 na tataccen ruwa, a haɗa dab da lokacin aiki, a zuba a mafeshin roba marar ƙarfe. Ana fesawa cikin duhu sosai, bayan ido ya saba, da kyamara a kafe kan ƙafafunta. Jini yana ba da shuɗin haske mai natsuwa na kimanin rabin minti, tsohon jini ma ya fi sabo haske. Bilic irin su Jik da Hypo yana ba da nasa hasken, amma mai walƙiya da tartsatsi ne, yana saurin mutuwa. Feshi yana tsinka tabo ya kuma ɓata siffarsa, saboda haka luminol shi ne na ƙarshe a wurin, bayan an kwashe duk abin da ido ya gani.

Tabbatar da cewa jini ne

Tsofaffin hanyoyi biyu na kiristal, wato 'yan ƙwayoyi masu siffa ta musamman da him ke fitarwa idan ya haɗu da wasu sinadarai, har yanzu suna aiki, ba su kuma buƙatar abin da ya wuce madubin likita da fallen gilashi. Na Ludwik Teichmann, tun 1853, ana haɗa giram 0.1 na kowanne daga fotasiyam kulorayid, fotasiyam buromayid da fotasiyam ayodayid a mililita 100 na tsantsar asid ɗin asetik. A kankaro ɗan busasshen tabon a kan gilashi, a rufe da siririn murfi, a zura sinadarin ta gefe, a ɗumama har kumfa ta farko ta taso, a bari ya huce. Kiristal masu ruwan ƙasa, masu kusurwa huɗu a karkace, su ake nema. Gwaji ne mai tsada wajen haƙuri: ɗan danshi a samfurin ko wuta ta yi yawa, sai a rasa komai.

Na Masao Takayama, na ƙasar Japan a 1912, ya fi sauƙin kai. Mililita 3 na firidin, mililita 3 na ruwan gulukos da ya ƙoshi, mililita 3 na sodiyam haidurokzayid mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, da mililita 7 na tataccen ruwa. Ɗigo ɗaya ko biyu a ƙarƙashin murfin gilashin, a ɗan ɗumama kaɗan, sai a duba. Kiristal ɗinsa ruwan hoda ne, sirara, a tattare kamar gashin tsuntsu. Firidin yana da wari da guba, a yi aikin a akwatin da ke zuƙe iska. Fitowar kiristal tabbaci ne na jini, amma rashin fitowarsu ba ya kore shi, domin tabon da ya tsufa ƙwarai ko aka wanke yana iya ƙin bayarwa.

Idan akwai na'urar auna haske, ruwan tabon yana nuna babban tudu a zanen hasken da ya shanye, a wajen nanomita 415 a ma'aunin launin haske, sabon jini kuma ya ƙara da ƙananan tudu biyu a wajen 541 da 577.

Madubin likita kan ba da haske tun da wuri idan tabon bai daɗe ba. Jajayen ƙwayoyin kaza, zabo, kifi da ƙadangare dogaye ne kamar ƙwai, kowace da cibiya a tsakiya. Na mutum da dabbobi masu shayarwa kewayayyu ne, ba cibiya. Raƙumi ne ya fita daban: nasa siffar ƙwai gare su amma ba su da cibiya. Na mutum faɗinsu maikuromita 7 zuwa 8 ne, na akuya kusan rabin haka. Ganin cibiya a jajayen ƙwayoyi ya isa a san ba jinin mutum ba ne, amma girma kaɗai kada a dogara da shi, bushewa tana motse ƙwayoyin, na kare kuma sun yi kusa da na mutum.

Na mutum ne ko na dabba

Kafin 1901 babu wanda ke iya amsa wannan a kan busasshen tabo. A shekarar ne Paul Uhlenhuth, a Jami'ar Greifswald ta Jamus, ya nuna cewa idan aka yi wa zomo allurar ruwan jinin wata halitta sau da yawa, jikinsa yana ƙera garkuwar da ke kama furotin ɗin wannan halittar, su dunƙule su zama farin gari a ruwa. A shekarar aka kama wani kafinta, Ludwig Tessnow, bisa kisan yara biyu a tsibirin Rügen. Ya ce tabon tufafinsa rinin katako ne. Uhlenhuth ya gwada tabon ɗaya bayan ɗaya, ya ware na jinin mutum, ya ware na jinin tumaki. Duk hanyoyin garkuwa da suka biyo baya rassan wannan ne.

Ana fara da jiƙa tabon. A yanko zare kaɗan ko yanki kamar milimita 3 zuwa 5, a sa a ruwan gishiri mai giram 0.9 a mililita 100. Sabon tabo yana narkewa cikin mintoci, tsoho sai ya kwana a firji a digiri 4. A juya a na'urar tace gari har ruwan ya yi garau, don ruwa mai gurɓi yana kama da sakamako. Sannan a tsinka shi har ya koma kamar shayin da bai ji ganye ba, wajen kashi 1 cikin 1,000 na ƙarfin jini.

A gwajin zobe, ana zuba ruwan garkuwa, wato ruwan jinin zomon da aka yi wa allura, a ƙasan siririn bututun gilashi, a kwantar da ruwan tabon a samansa a hankali yadda ba za su gauraya ba. Farin zobe a mahaɗarsu cikin minti 20 shi ne amsa. Bututu ɗaya ba ya isa: sai an jera na sanannen jinin mutum, na jinin dabba, na ruwan gishiri zalla, na yankin yadi marar tabo, da wanda aka sa ruwan jinin zomon da ba a yi wa allura ba. Dalilin wannan jere shi ne akwai abubuwan da ke dunƙule kowane irin furotin ba tare da zaɓe ba. Sabulu na cikinsu, haka ma sinadarin jima. Kuben wuƙa, takalmi ko jakar fatar da aka jeme da bagaruwa suna iya ba da zoben da ba na gaskiya ba, kuma bututun marar tabo da na ruwan jinin zomon da ba a yi wa allura ba ne za su tona wannan.

Hanyar Örjan Ouchterlony, ta ƙasar Suwidin a 1948, ta fi ba da bayani. A narka giram 1 na aga, wani gari da ke daskarar da ruwa ya zama kamar jeli, a mililita 100 na ruwan gishiri, a zuba a faranti ya daskare, a huda rami ɗaya a tsakiya da shida kewaye da shi, da tazarar kamar milimita 5. Ruwan garkuwa a tsakiya, ruwan tabo da sanannun samfura a kewaye, a tabbata tabon yana maƙwabtaka da sanannen jinin da ake kwatanta shi da shi. A rufe a akwati mai danshi na awa 24 zuwa 48. Inda furotin da garkuwa suka haɗu, farin layi yana fitowa. Idan layin tabon da na sanannen jinin suka haɗe suka zama baka ɗaya, halitta ɗaya ce. Idan suka gitta juna, ba dangantaka. Idan suka haɗe amma ɗaya ya fitar da ɗan ƙaho, dangi ne na kusa. Wannan ƙahon yana da muhimmanci, domin garkuwar tunkiya tana kama jinin akuya, ta doki tana kama na jaki, ta mutum tana kama na cimfanzi da gorila. Mai gaggawa zai iya tura su da lantarki, hanyar da Bryan Culliford na Ingila ya yaɗa a 1964: ramuka biyu-biyu a aga mai pH 8.6 (pH ma'aunin tsami ne), ruwan tabo ta ɓangaren waya mai alamar ragi, garkuwa ta ɓangaren mai alamar tarawa, layi ya fito cikin rabin awa. Idan aka juya wayoyin, su biyun baya za su ba juna, ba za su taɓa haɗuwa ba.

Yau yawancin ɗakunan gwaji katin roba suke amfani da shi, mai aiki kamar na gwajin ciki ko na maleriya. ABAcard HemaTrace, Hexagon OBTI da Seratec HemDirect himogulobin ɗin mutum suke nema. RSID-Blood kuwa wani furotin yake nema da ke jikin fatar jajayen ƙwayoyi, gilaikoforin A. Ana jiƙa yankin tabon a ruwan da ya zo da katin, a ɗiga adadin da takardar kamfanin ta ce, a karanta a minti 10. Layi biyu, C (mai nuna katin yana aiki) da T (na sakamakon gwajin), na nufin an samu. C kaɗai, ba a samu ba. Babu C, katin ya lalace, a sake. Layin da ya fito bayan lokacin ba a rubuta shi.

Tarkon da ya fi kama mutane a katunan himogulobin shi ne yawan jini. Katin yana maƙala wa himogulobin alamar launi kafin ya isa layin T, amma idan ruwan tabon ya yi kauri, himogulobin ɗin da bai ɗauki alamar launi ba yana riga mai alamar isa layin T ya cike gurbin, sai katin ya nuna babu alhali jinin mutum ne tsantsa. Duk lokacin da ruwa mai ja sosai ya ba da C kaɗai, a tsinka shi sau 10, a kuma tsinka sau 100, a maimaita kafin a rubuta komai. Tsohon tabon da ya ƙi narkewa a ba shi lokaci mai tsawo a ruwan, ko a jiƙa shi da ruwan amoniya mai kashi 5 cikin 100, a bari amoniyar ta bushe, sannan a mayar da shi ruwan katin. A kuma sani katunan himogulobin suna kama jinin manyan birai, HemaTrace har da na feret, wata 'yar dabba mai kama da tunku da ake kiwo a Turai da Amurka. Tsananin kaifinsu kuma yana sa su kama ɓurɓushin jinin da ke cikin fitsari, miyau ko bayan gida, shi ya sa ake haɗa sakamakonsu da abin da ido ya gani da abin da gwajin share fage ya nuna.

Kati ba ya faɗin wace dabba ce. Idan ya nuna ba na mutum ba, kuma shari'ar tana buƙatar sanin ko saniya ce ko akuya, kamar a ƙarar satar shanu ko farautar namun dajin da aka hana, sai a koma farantin aga da ruwan garkuwar dabbobi daban-daban, ko a tafi ga DNA. Ana ninka wani yanki na DNA ɗin maitokondiriya (ƙananan sassan da ke samar wa ƙwayar halitta kuzari), galibi yankin da ake kira saitokurom b ko COI, a karanta jerinsa, a kwatanta da na halittun da ke rumbun bayanai. Wannan yana raba tunkiya da akuya sarai. Kuma samun jinin rago a kan wuƙa bai kore jinin mutum a kanta ba. Wuƙar mahauci tana iya ɗauke da duka biyun, don haka kowane tabo ana gwada shi shi kaɗai, har da lungun da ƙarfe ya shiga ƙota, inda wanki ba ya kaiwa.

Rubuta rahoto

A Najeriya, sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ne ya ba kotu damar karɓar ra'ayin ƙwararre, kuma lauyan da ya san aikinsa kalmomin rahoton zai bi ɗaya bayan ɗaya. Idan Kastle-Meyer ko luminol kaɗai aka yi, abin da za a rubuta shi ne an ga alamar da ke nuna yiwuwar jini. Idan kiristal ɗin Takayama ko Teichmann sun fito, an tabbatar da jini, ba a faɗi na wa ba. Idan katin himogulobin ya ba da layi biyu, an samu himogulobin na mutum ko na manyan birai. Idan gwaji bai nuna komai ba, a rubuta ba a gano jini ba, kada a rubuta babu jini. A ƙasan kowane sakamako a sa lambar rukunin sinadarin ko katin, ranar ƙarewar wa'adinsa, abin da sanannen jini da samfurin wofi suka nuna a ranar, da yawan tabon da ya rage a ambulan don wanda zai so ya sake gwadawa.